Kada Ku Tara Hotuna Marasa Asali

Ya ku ƙannena, samari da 'yan matan Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama, da na Ja'en da sauran unguwannin da muke maƙwabtaka da su.

Da tambaya zan fara, kowa ya amsa wa kansa. Hotuna nawa ne a cikin wayar da ke hannunka yanzu? Da yawanku za su ce dubbai, kuma gaskiya suka faɗa. To idan aka ce ka fito da hoton rasidin kuɗin makarantar ƙanwarka na zangon farko na bara waccan, minti nawa za ka ɗauka? Na sha ganin saurayi tsaye gaban wanda ya nemi hujja a wajensa, yana ta jan allon waya da babban yatsa, hotunan biki na wucewa, da na ƙwallo, da waɗanda aka turo a guruf, gumi na keto masa, daga ƙarshe ya ce, "Wallahi yana ciki, ban dai gan shi ba ne." Yana cikin kuwa. Sai dai abin da ba ka iya fito da shi a lokacin da ake buƙatarsa, da shi da babu duk ɗaya ne a wannan lokacin.

Irin unguwar da muke ciki ce ta sa na ga ya kamata in yi muku wannan magana. Ɗorayi unguwar masu neman na kansu ce. Da sassafe za ka ga matasa a kan kekuna da babura da cikin a-daidaita-sahu, wasu sun nufi Sharaɗa da ke nan kusa, wasu sun bi titin Panshekara zuwa Challawa inda kamfanonin jimar fata suke, wasu kuma sai sun ratsa gari kafin su kai Bompai. A wajen waɗannan mutane, waya ta daɗe da zama littafin aiki, ko da su ba su ɗauke ta haka ba. Mai kula da sito yana ɗaukar hoton wayabil kafin mota ta fita daga get. Mai aiki a kan injin roba yana ɗaukar lambar mita lokacin da ya karɓi aiki da lokacin da zai miƙa. Dillalin fata yana ɗaukar hoton kayan da ya kai kamfani kafin a tantance su. Ƙanwarmu da ke sarar atamfa da leshi a Kantin Kwari tana tallatawa a waya, duk jarinta da basussukanta a cikin hotuna suke. Waɗannan hotuna dukiya ne, wani lokacin ma su ne kaɗai shaidar da talaka yake da ita. Bai kamata a zube su wuri guda babu tsari ba.

Abin da da yawanku ba su sani ba shi ne, wayar ta riga ta yi muku rabin aikin. Duk sanda kuka danna kyamara, abu biyu take ajiyewa a cikin fayil ɗaya. Na farko shi ne hoton da ido yake gani. Na biyu wasu bayanai ne da suke rakiyarsa a ɓoye, waɗanda masana kwamfuta ke kira metadata. Tsarin da ake rubuta su da shi sunansa Exif, ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Japan ce ta fito da shi a 1995, kuma yau kusan kowace kyamara da kowace waya da shi take aiki, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung ko iPhone. A ciki akwai shekara da wata da rana, da awa da minti har da daƙiƙar da aka ɗauki hoton. Akwai sunan kamfanin da ya ƙera na'urar da samfurinta, da faɗin hoton da tsawonsa, da ko filasha ta haska ko ba ta haska ba. Idan kuma ka ba kyamarar izinin sanin wuri, za ta rubuta lambobin GPS na inda kake tsaye. Layin digiri 12 arewa ya ratsa ta cikin birnin Kano, don haka duk hoton da aka ɗauka a nan lambarsa ta farko tana kusa da 12, ta biyu kuma tana kusa da 8 da rabi. Ƙananan lambobin da ke biye su ne suke bambanta Challawa da Bompai, kai har su bambanta wannan layin da wancan a cikin unguwa ɗaya idan a sarari aka ɗauki hoton.

Ku gwada yanzu ku gani. Buɗe hoton da ka ɗauka da wayarka, ka ja shi sama, ko ka danna ɗigo ukun nan na kusurwa ka zaɓi wajen bayani. Duk abin da na lissafa yana nan.

Amfaninsu shi ne, da su ake tacewa. Wanda bai iya nema ba, hotunan yake bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya, tambayar kansa yake fara yi: me na sani game da hoton nan? A ce kai ne mai sito a Sharaɗa, wani kwastoma daga Maraɗi ya bugo waya yana cewa katan-katan ɗin da aka aika masa a jiƙe suka baro kamfani, manaja kuma ya ce ka kawo shaidar yadda aka loda su. Ba ka tuna ranar ba, amma ka tuna damina ta kankama, kuma ba a daɗe da Babbar Sallar 2024 ba. Ka riga ka samu iyaka ta farko: daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli. Ka san a bakin sito ka ɗauka, to ka zaɓi wuri, ka bar na Sharaɗa kaɗai. Ka san da yamma ake lodi, to na safe ba su shafe ka ba. Daga dubbai ka dawo kan 'yan kaɗan da idonka zai iya dubawa cikin minti guda. Kullum ka fara da abin da ka fi tabbata da shi, wanda galibi lokaci ne, sannan wuri, sannan na'urar da aka yi amfani da ita. Manhajar Google Photos da ke kan yawancin wayoyinmu tana karɓar irin wannan nema: ka rubuta wata da shekara, ko sunan gari, kuma tana da taswira da ke nuna inda aka ɗauki kowane hoto. Wayoyin iPhone ma haka.

Ko babu intanet, sunan fayil ɗin kansa yana taimakawa. Wayoyi da yawa suna sa wa hoto suna irin wannan: IMG_20240410_093015. Karanta shi a hankali: shekarar 2024, wata na 4, rana ta 10, ƙarfe 9 da minti 30 da daƙiƙa 15. Idan ka shiga manhajar fayiloli ka rubuta 202404 a wajen nema, duk hotunan Afrilun 2024 za su fito. Manyan kyamarori irin na masu ɗaukar hoton biki ba haka suke ba. Lamba suke jerawa daga 0001 zuwa 9999, su sake komawa farko. Wanda ya shekara biyu yana sana'a zai tarar da hotuna da yawa masu suna ɗaya, kuma ranar da ya kwafe su cikin folda guda cikin gaggawa, sabo zai iya hawa kan tsoho ya shafe shi. Shawarata ga masu wannan sana'a ita ce, ranar da kuka sauke kati a kwamfuta ku canza sunayen gaba ɗaya, shekara a gaba, sai wata, sai rana, sai sunan taron. Idan aka jera su haka, da kansu za su bi tsarin lokaci.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Na'urar da kalandar Miladiyya take rubutu, mu kuwa rabin tunaninmu da watannin Musulunci yake tafiya. Ba ka tuna cewa a watan Afrilu aka ɗauki hoton. Abin da ka tuna shi ne ranar Ƙaramar Sallah ce. To Ƙaramar Sallah ta faɗo ranar 21 ga Afrilu a 2023, ranar 10 ga Afrilu a 2024, ranar 30 ga Maris a 2025. Babbar Sallah kuwa a waɗannan shekaru 28 ga Yuni, sai 16 ga Yuni, sai 6 ga Yuni. Kowace shekara tana ja baya da kwana goma sha ɗaya ko abin da ya yi kusa da haka. Bayan shekara goma ba za ka iya riƙe wannan lissafin a ka ba. Maganinsa shi ne ka ƙara da hannunka: Ƙaramar Sallah 1445, azumin 1446, Maulidi, Takutaha. Waya ba za ta yi maka wannan ba.

Duk wannan kuma bai da amfani idan agogon na'urar ba daidai yake ba. Waya tana karɓar lokaci daga layin sadarwa, don haka ba kasafai take kuskure ba. Kyamara kuwa abin da aka saita mata shi take rubutawa, kuma idan ta daɗe babu batir sai ta koma wata tsohuwar shekara, ta ci gaba da buga ta a kan duk hoton da aka ɗauka. Ku yi tunanin mutum biyu sun ɗauki hoton biki ɗaya, wannan yana wajen ɗaurin aure, wancan yana wajen kai amarya, agogon ɗaya ya wuce na ɗayan da awa uku. Ranar da aka haɗa hotunan don a yi albam, sai a ga kai amarya ya riga ɗaurin aure. Kafin ku fita aiki ku daidaita agogunanku da juna. Haka wanda ya tafi Hajji ko Umara da kyamara: Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Tsohon tsarin Exif ba ya rubuta yankin lokaci ko kaɗan, sai a gyaran da aka yi masa a 2016 aka ƙara wannan gurbi. Idan ɓarnar ta riga ta faru, ana iya gyarawa. Akwai manhaja ta kyauta mai suna ExifTool, wadda wani ɗan Kanada, Phil Harvey, ya fara fitarwa a 2003, tana iya matsar da lokacin hotuna ɗari ko dubu gaba ko baya da umarni ɗaya. Wanda yake son ya yi nisa a sana'ar hoto ya koye ta.

Yanzu ga inda muka fi yin asara. Yawancin hotunan da ke wayoyinmu ba mu muka ɗauka ba, turo mana aka yi ta WhatsApp. Idan ka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana matse shi don ya rage cin data, kuma yana cire bayanan rakiyarsa: ranar ɗauka, samfurin waya, wuri, duk sun tafi. Sunan da zai sa masa a wayar wanda ya karɓa irin wannan ne: IMG-20240410-WA0012. Kada ranar nan ta ruɗe ka. Ranar da hoton ya shigo ce, ba ranar da aka ɗauke shi ba. Mai yiwuwa hoton ya shekara biyar a duniya. Abin da ka sauke daga Facebook ma haka yake, a tsiraice yake zuwa. Sikirinshot kuwa sabon hoto ne gaba ɗaya, ranar da ka ɗauki allon kawai ya sani. Saboda haka, hoton da yake da muhimmanci, na aiki ne ko na takarda ko na tarihin gida, a tura shi a matsayin dokumen, ko ta Xender, ko ta kebul, domin waɗannan hanyoyi fayil ɗin suke ɗauka yadda yake. Kuma kada ka goge na asali don ka ga ka tura wa wani. Na asalin shi ne mai daraja.

Ku kuma bambance tsakanin ranar ɗauka, wadda take cikin fayil ɗin, da ranar da aka kwafe shi ko aka taɓa shi, wadda waya ko kwamfuta take rubutawa daga waje. Shi ya sa idan ka kai waya kasuwar Farm Centre aka kwashe maka kaya zuwa sabuwa, sai ka ga wasu hotuna sun zauna a shekarunsu daidai, wasu kuma ɗaruruwa sun taru a rana ɗaya, ranar da aka yi kwafin. Waɗanda suka taru ɗin nan su ne waɗanda aka riga aka tuɓe wa bayanansu. A kwamfuta, idan za ku jera hotuna, ku zaɓi jerawa da ranar ɗauka.

Har yanzu ban zo kan abin da ya fi damuna ba. Na'ura ta san yaushe, ta san ina, ta san da me. Ba ta san su wane ne a ciki ba, ba ta kuma san dalilin taron ba. Ba ta san cewa dattijon da ke gefen dama ƙanin kakarka ne da ya zo daga Gwarzo ba, ko cewa ranar ce aka ƙara wa yayanka girma a wajen aiki. Wannan sai mutum. 'Yan jarida sun gane haka tun da wuri: tun farkon shekarun 1990 ƙungiyar IPTC ta kafofin labarai ta tsara guraben da ake cikewa a cikin hoto, sunan mai ɗauka, bayanin abin da ke ciki, gari, da kalmomin nema, kuma a 2001 kamfanin Adobe ya fito da tsarin XMP wanda yau yake ɗauke da irin waɗannan bayanai. Babu gidan jaridar kirki da zai ajiye hoto ba tare da an cike su ba. Ban ga dalilin da zai sa gidajenmu su fi gidan jarida sakaci da tarihinsu ba.

Mu mutane ne da muka tashi cikin tarbiyyar ilimi wadda ba ta karɓar magana sai an san wanda ya kawo ta. Malaman hadisi ba su tsaya ga matani kaɗai ba, sai sun bi isnadi, wane daga wane, a ina suka haɗu, a wane zamani. Ban ce hoto da hadisi darajarsu ɗaya ba, Allah ya kiyaye. Tarbiyyar nake nufi. Hoto matani ne, bayanan da ke rakiyarsa su ne isnadinsa, kuma idan isnadin ya yanke, kowa zai iya jingina masa labarin da ya ga dama. Ku dubi hotunan dalar gyaɗa da suke yawo a intanet, hoto ɗaya wannan ya ba shi wannan shekara, wancan ya ba shi wata. Sannan ku shiga Gidan Makama ku ga tsofaffin hotunan Kano da aka rataye da bayani a ƙasansu, ku ji yadda layi biyu na rubutu suke mayar da hoto darasi. Abin ma ya wuce ruɗani a kan tarihi. Binciken da BBC ta wallafa a Nuwamban 2018 kan rikicin Filato na watan Yunin shekarar ya nuna cewa cikin abubuwan da aka yaɗa a Facebook da sunan rikicin akwai wanda ba a Najeriya ma aka ɗauke shi ba, kuma 'yan sanda sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya. An ce gani ya kori ji, amma a wannan zamani sai ka tambayi ganin ma daga ina ya fito. Addininmu ya riga ya umarce mu, a Suratul Hujurat, da tantance labari kafin aiki da shi. Hoton tashin hankali da ya shigo wayarka babu rana, babu wuri, babu wanda ya ɗauka, ya tsaya a kanka, kada ya wuce.

To yaya za ku rubuta naku? A taƙaice, kuma da tsari ɗaya. Sunan mutum, dangantakarsa da ku, wuri, taro. Abin da ke ɓata nema shi ne rubuta abu ɗaya da siga uku: yau Challawa, gobe Chalawa, jibi Calawa, yau Muhammadu, gobe Mamman, jibi Moh'd, alhali mutum ɗaya ne. Manhaja ba ta san mutum ɗaya ba ne. Ka zaɓi siga ɗaya ka tsaya a kanta, kuma idan mutum yana da laƙabin da aka fi saninsa da shi a gida, ka rubuta duka biyun. Haruffanmu masu lanƙwasa ma sai an kula: wata manhajar tana ɗaukar Ɗorayi da Dorayi a matsayin kalmomi biyu daban, kuma guraben rubutu na tsohon Exif ba a gina su don irin waɗannan haruffa ba, sai a tsarin 2023 aka faɗaɗa su. Guraben XMP suna karɓarsu lafiya lau. Wani abin lura kuma: bayanin da ka rubuta a ƙarƙashin hoto a Google Photos yana zaune ne a rumbun Google, ba a cikin fayil ɗin ba. Idan ka sauke hoton ka kai wani wuri, zai iya barin bayanin a baya. Mai kwamfuta ya nemi manhajar digiKam, kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, kuma ana iya saita ta ta rubuta kalmomin nema a cikin fayil ɗin kansa, yadda duk inda hoton ya je da su zai tafi. Wanda ba shi da kwamfuta, albam-albam masu suna a cikin waya sun fi babu nesa ba kusa ba.

Manhajojin nan suna iya gane fuska su tara hotunan mutum ɗaya wuri guda. Yana sauƙaƙa aiki, amma suna kuskure tsakanin 'yan'uwa masu kama, da jarirai, da wanda ya yi rawani ko lulluɓi. Ku riƙa dubawa da idonku kafin ku amince.

Ku ma'aikatan kamfani ina da magana ta musamman da ku. Allah ya tsare, amma aiki da inji da sinadarai ba ya rasa haɗari. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take kula da ita, ta nemi wanda ya ji rauni a wajen aiki ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14. Ka ga rana ta zama magana. Hoton raunin, da na wurin da abin ya faru, da na takardar asibiti, idan na asali ne mai ɗauke da ranarsa da lokacinsa, ya fi wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ƙarfi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura, ciki har da bayanin na'urar da yadda aka samar da shi, don haka a riƙe fayil na asali, a san wayar da ta ɗauka, sauran kuma a bar wa lauya. Gaskiya ne ana iya sauya waɗannan bayanai, shi ya sa ba su kaɗai ake dogaro da su ba. Wanda ya san yadda ake sauyawa ya ji tsoron Allah: matsar da ranar hoto don a ci haƙƙin wani shaidar zur ce, ko da yatsa ɗaya aka yi ta. Haka kuma idan ƙa'idar wurin aikinku ta hana ɗaukar hoto a wani sashe, amana ce, ku kiyaye ta.

Al'umma ma tana buƙatar irin wannan shaida. An daɗe ana kuka da ruwan dagwalon masana'antu da ke shiga kogin Challawa da rafin Salanta, da na Bompai da ke bi ta rafin Getsi zuwa Jakara. Idan matasan unguwa za su kai ƙorafi ga hukumar NESREA ko ma'aikatar muhalli ta jiha, hoto guda na baƙin ruwa da aka tsinta a guruf ba zai yi nauyi ba. Amma hotunan magudana ɗaya, daga wuri ɗaya, wata bayan wata, rani da damina, kowanne da ranarsa da lambobin wurinsa, wannan hujja ce da ba a ture ta da baki. Sannan akwai tarihi. Kamfanoni da yawa da iyayenmu suka yi ƙuruciyarsu a ciki, musamman masaƙu, sun rufe, wasu sun koma sito. Abin da ya rage na wancan zamani yana cikin akwatunan tsofaffi: katin shaidar aiki, hoton ƙungiyar ƙwallon kamfani, hoton ranar sallamar wani. Haka Hawan Ɗorayi da ya saba zuwa har ƙofar gidajenmu. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Masu bincike nan gaba za su nemi hotunansa, kuma wanda za su amfana da shi shi ne wanda aka rubuta shekararsa da sunan hakimin da ke kan dokin.

Sai dai abin nan kaifi biyu gare shi, dole in faɗa muku. Lambobin da suke taimaka maka ka nemo hoto, su ne za su iya nuna wa baƙo ƙofar gidanku. A Disamban 2012, John McAfee, attajirin nan mai manhajar kare kwamfuta, yana ɓuya daga 'yan sandan ƙasar Belize, sai mujallar Vice ta wallafa hotonsa da aka ɗauka da waya ba a cire lambobin wuri ba. Nan take aka gane yana Gwatemala, ba a yi kwanaki ba aka kama shi. Ƙannena mata masu kasuwanci daga cikin gida, wannan ya shafe ku kai tsaye. Idan wanda ba ku sani ba ya ce ku turo masa hoton kaya a dokumen don ya fi fitowa, ku sani za ku iya haɗa masa da adireshin ɗakinku. Ra'ayina shi ne a bar wurin a kunne don amfanin kai, amma a cire shi kafin a tura wa bare. Wayoyi da yawa suna da wannan zaɓi a wajen turawa. Wadda ba ta tabbata za ta riƙa tunawa ba, ta kashe shi gaba ɗaya, ya fi mata. Kuma sunayen matan mutane da 'ya'yansu da kuka rubuta a hotunan biki na ajiyar gida ne, ba na bazawa ba ne.

Ba sai na ba ku labarin ƙwacen waya ba, kun fi ni sani. Waya tana faɗawa ruwa, katin memori yana mutuwa babu sallama. Duk tsarin da ka yi, idan a wuri ɗaya yake, rana ɗaya zai tafi. A samu kwafi na biyu a wani wuri, filash ko kwamfuta ko rumbun intanet. Ku sani Google gigabait 15 kawai yake bayarwa kyauta, tare da saƙonnin Gmail ake lissafawa, kuma tun ranar 1 ga Yunin 2021 ya daina karɓar hotuna babu iyaka. Idan ya cika, ajiya ta tsaya ko da ba ka lura ba. Asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba kamfanin ya ce zai iya goge shi. Da yawa daga cikinku a shagon waya aka buɗe muku asusu, ba ku san kalmar sirrinsa ba, lambar da aka yi rajista da ita ma ta ɓata. Ku gyara wannan tun waya tana hannunku, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada yawan hotunan ya karya muku gwiwa. Ba a ce ku gyara na shekara bakwai a dare ɗaya ba. Ku fara da na wannan watan: ku goge maimaici da waɗanda ba su fito ba, ku ware na aiki da takardu, ku sa suna a kan na dangi. Sannan ina roƙonku, kafin Sallah mai zuwa, kowa ya samu yini guda ya zauna da Baba ko Inna ko Hajiya kaka, a buɗe tsohon albam, ku tambaye su ɗaya bayan ɗaya: wane ne wannan, a ina ne nan, wace shekara ce? Ku rubuta amsar da fensir a bayan hoton, ku ɗauke shi da waya gaba da baya, ku sa sunayen a ciki. Su kaɗai suka san waɗannan amsoshi, ku tambaye su tun suna nan.